Daga Dandali Zuwa Littafin Insha'i: Waiwaye Kan Tarihin Horar da Yara Kwatanci da Bambantawa a Gida

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zaman duba takardun jarrabawar Hausa ya san irin amsar da akan samu idan aka buƙaci ɗalibi ya kwatanta abubuwa biyu. A ce masa ya kwatanta rani da damina, sai ya cika rabin shafi da bayanin rani, ya cika ragowar da bayanin damina, ya ja layi ya miƙa takarda. Duk abin da ya rubuta gaskiya ne, sai dai babu jimla ko ɗaya da ta ɗora lokutan biyu a kan ma'auni guda. Abin mamaki shi ne, wannan yaron da ya kasa a kan takarda, idan aka aike shi cefane sai ya zagaya rumfa uku, ya dawo ya shaida wa mahaifiyarsa cewa tumatirin wane ya fi auki, na wane kuma ya fi araha amma ya soma laushi. Wato ke nan basirar tana bakinsa, ba ta dai sauka zuwa alƙalaminsa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan giɓi a cikin tarihi. Za mu duba yadda gidan Bahaushe ya riƙa horar da yara a kan kwatanci kafin zuwan boko, da yadda aikin ya koma hannun makaranta a ƙarni na 20, da abin da ya salwanta a wannan ƙaura. Daga nan sai mu kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja a kan yadda za a mayar wa gida kasonsa na aikin. Da kwatanci muna nufin fito da kamancin da ke tsakanin abubuwa biyu, da bambantawa kuma muna nufin fito da inda suka sha bamban. A aikace ba a raba su, domin ba a bambanta abubuwan da ba su haɗu a ko'ina ba.

2.0 Kafin Zuwan Boko

2.1 Tsakar Gida da Dandali

Makarantar farko ta kwatanci ita ce tabarmar tatsuniya. Da yawa daga tatsuniyoyinmu a kan tagwayen taurari aka gina su. Ga Gizo mai wayo da haɗama, ga matarsa Ƙoƙi mai sanyin hali. Ga 'yar bora da 'yar mowa, waɗanda kan bi hanya ɗaya, su tarar da tsohuwa ɗaya, a yi musu gwaji iri ɗaya, amma ladabin ta farko ya kai ta ga arziki, rashin kunyar ta biyu ya kai ta ga halaka. Mai ba da tatsuniya takan maimaita matakan tafiyar bi da bi ba tare da ta sauya jerinsu ba, har yaro ya gane da kansa cewa komai ɗaya ne a tafiyar biyu in ban da hali. Wannan shi ne ginshiƙin kowane kwatanci mai kyau: a tsayar da ma'auni ɗaya, sannan a duba abin da ya bambanta.

Kacici-kacici kuwa horo ne na gano kamanci a inda ido bai zata ba. Idan aka ce shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya, yaro ba zai kai ga tsintsiya ba sai ya tankaɗe siffofin garke, ya ajiye ƙaho da kofato, ya riƙe yawa da ɗauri. Karin magana ma haka take. Da masu iya magana suka ce zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara, sun kawo kamanci da bambanci a numfashi guda. Da suka ce kama da wane ba ta wane, gargaɗi suka yi ga mai gaggawar yanke hukunci daga kamannin waje.

Bugu da ƙari, harshen kansa ya tanadi kayan aiki. Hausa ba ta sauya ƙirar siffa don nuna fifiko kamar yadda Ingilishi da Larabci suke yi. Aikatau take sa wa aiki, irin su fi da kai da ɗara da kasa, sai ta biyo su da sunan abin da ake aunawa: doki ya fi jaki gudu, Kande ta ɗara Ladi tsawo, taliya ba ta kai tuwo riƙe ciki ba. Hikimar wannan ƙira ita ce takan ja mai magana zuwa ga ambaton ma'auninsa. Yaron da ya ce wannan ya fi wancan ya tsaya, nan take za a tambaye shi, ya fi shi me? Akwai kuma kamar da tamkar da daidai da don kamanci, sannan amma da alhali da saɓanin da shi kuwa don bambanci, da kuma gara da gwamma don zaɓi.

2.2 Makarantar Allo da Zaure

A makarantar allo ido ake fara horarwa. Tun a matakin babbaƙu yaro yake koyon raba haruffa masu jiki ɗaya waɗanda ɗigo kaɗai ya bambanta su, kamar yadda sunayen ha ƙarami da ha mai ruwa suke nunawa. Idan ya yi nisa ya shiga sahun gardawa, sai ya koyi tantance ayoyi masu kama da juna don kada hadda ta sarƙe masa. A zauren ilimi kuma, ɗalibin fiƙihu kullum cikin rarrabewa yake, tsakanin farilla da sunna, da tsakanin makaruhi da haramun.

Malaman ƙarni na 19 sun kai wannan dabara cikin rubutu. Littafin Kitabul Farƙi da ake danganta wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, an gina shi ne kacokan a kan bambanta salon mulki iri biyu. Waƙoƙin wa'azi na ajami sun sha gwama duniya da lahira, da mai biyayya da mai saɓo. Ta hannun jajis na 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u ta kafa kafin rasuwarta a 1864, irin waɗannan waƙoƙi sun shiga cikin gidaje, iyaye mata suka haddace su, 'ya'ya suka tashi suna ji.

Abin lura a nan shi ne rabon aikin. Ƙirƙirar rubutu ta malamai ce. Yaro kwafa yake yi a allo. Kwatancin da yake yi da hankalin kansa da baki yake yin sa, a gaban kaka ko yaya ko abokan wasa, kuma a take ake yi masa gyara.

3.0 Zamanin Turawa

Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Hans Bisa, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai, sannan wajen 1930 aka tsara makarantun midil a manyan garuruwan larduna. Boko ya zo da wani sabon abu, wato a ba yaro takarda a ce ya rubuta abin da ke cikin kansa da harshensa. Nan insha'i ya samo asali a matsayin darasi.

Sai dai wannan ci gaba ya zo da asara ta fuska uku. Ta farko, akasarin iyaye ba su iya karanta boko ba, da yawansu ma ƙyamarsa suke yi, saboda haka littafin aikin yaro ya zama abin da babu mai leƙawa a gida. Ta biyu, makarantun midil na kwana ne, sun ɗauke yaro daga tabarmar hira daidai shekarun da hankalinsa yake buɗewa. Ta uku, buƙatar Hukumar En'e ita ce a samu malaman ofis da na haraji da na makaranta, don haka rubutun da ya fi daraja shi ne wasiƙa da rahoto da kyan hannu.

Littattafan karatu ma sun karkata ga labari. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga 1937 kuma Magana Jari Ce ya fara fitowa. Waɗannan littattafai cike suke da abin kwatantawa. Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun isa misali, haka ma jarumin Ganɗoki mai takobi idan aka jera shi da malamin Shaihu Umar mai haƙuri. Amma abin koyin da suka ajiye wa ɗalibi mai koyon rubutu shi ne yadda ake jero aukuwa bayan aukuwa. Har yau idan aka ce wa yaro ya yi insha'i, wata rana ce take fara zuwa masa a baki.

Inda rubutun auna ra'ayi ya samu fili shi ne jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sunanta ma kwatanci ne, kuma a shafin wasiƙu masu karatu sun riƙa auna al'adun da da na zamani. A shekarun 1950 gangamin Yaƙi da Jahilci da ayyukan hukumar NORLA sun sa dubban magidanta sun iya karatun boko. Ta haka aka samu gidaje da dama inda uba da ɗa suke iya karanta takarda ɗaya. To amma azuzuwan manya sun tsaya ne a kan karatu da rubuta wasiƙa da lissafi, ba a ɗora su a kan taimaka wa yara da aikin makaranta ba.

4.0 Bayan Samun Mulkin Kai

Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 shi ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, ta kuma ƙarfafa koyon ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci ga wanda ba harshensa ba ne. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, a 1988 aka kafa hukumar NERDC mai kula da manhaja, a 1990 kuma aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Da waɗannan matakai Hausa ta samu gindin zama a matsayin darasi mai manhaja da kalmomin fannu.

Duk da haka, a yadda aka saba karkasa insha'i a azuzuwanmu, wato na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da wasiƙa, kwatanci bai samu ɗakin kansa ba. Ya zama ɗan rakiya, ana tsammanin ɗalibi zai tsince shi a hanya. Muhawara ce ta fi kusa da shi, amma ita ɓangare take koya wa yaro ya ɗauka ya kare, alhali kwatanci yana buƙatar ya yi wa ɓangarorin biyu adalci kafin ya yanke hukunci. A ɗaya gefen kuma, tambayoyin adabi da al'ada da tarihi da kimiyya a manyan azuzuwa ba su fasa cewa kwatanta ko bambanta ba. Ana jarraba ɗalibi a kan abin da ba a ware lokacin koya masa ba. Kwalejojin ilimi suna karantar da matakan fahimta da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a Amurka a 1956, inda ƙwanƙwance abu yake sama da haddace shi, amma sau da yawa wannan sani yakan tsaya a takardar shirin darasi.

Yawan ɗalibai ya ƙara dagula lamarin. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, sun cika azuzuwa maƙil. Alheri ne babba, sai dai insha'i shi ne aikin da ya fi cin lokaci wajen dubawa, don haka shi malami yake fara ragewa idan aji ya fi ƙarfinsa. A gida kuma talabijin, da finafinan bidiyo daga 1990, da wayar hannu daga baya, sun cinye lokacin da a da ake ba tatsuniya. Makaranta ta rage, gida ya saki.

Abubuwa biyu na baya-bayan nan sun sa batun ya zama na gaggawa. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa an rufe makarantu na tsawon watanni, gida ya zama aji ba tare da an taɓa shirya iyaye ba. Sannan a Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, amma a Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye wannan tanadi da komawa ga Ingilishi. Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan sauyi, sakamakonsa a fili yake: 'yan mintocin darasin Hausa ba za su isa su gina tunanin yaro a rubuce da harshensa ba, sai gida ya sa hannu.

5.0 Shawarwari

Darasin da muka tsinta daga wannan tarihi shi ne, gida bai taɓa rasa gwanintar kwatanci ba, an dai daina neman ta wurinsa ne saboda an ɗauka wanda bai iya boko ba ba shi da abin bayarwa. A kan haka muke ba da waɗannan shawarwari:

(a) A tsara aikin gida mai hawa biyu, baki kafin alƙalami. Malami ya ba da abubuwa biyu, yaro ya je ya tattauna da wani babba, sannan ya rubuta. Kakar da za ta ce wa jikanta, "Kai maigidana, tsakanin Gizo da Ƙoƙi wa ya fi hankali?" ya amsa, ta ce, "To, da wane dalili?" ta gama rabin aikin ko da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba.

(b) A zaɓi abubuwan da ke gaban idon yaro kuma suke da dangantaka: gero da dawa, akuya da tunkiya, murhu da risho, ƙaramar salla da babbar salla, makarantar allo da ta boko. Ga 'ya'yan Hausawa mazauna Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, da masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, zama cikin al'adu biyu jari ne. Su kwatanta tuwon shinkafa da amala, ko gaisuwar safe a harsunan biyu.

(c) A koya wa yaro tsayar da ma'auni uku kafin ya fara rubutu, misali siffa da lokaci da amfani. Zanen da'ira biyu masu shiga juna, wanda masanin manɗiƙi ɗan Ingila John Venn ya fito da shi a 1880, ba ya buƙatar allon bango. A zana shi a ƙasa da tsinke, ko a ɗora faifai biyu gefe a kan gefe, abin da suka yi tarayya a kai ya zauna a tsakiya.

(d) A bi matakai gwargwadon aji. A aji ɗaya zuwa uku na firamare jimla guda ta isa, mai ɗauke da fi ko kai ko kamar. A aji huɗu zuwa shida a nemi sakin layi biyu, na kamanci da na bambanci. A ƙaramar sakandare a shigar da tsarin gaɓa da gaɓa, inda ake ɗaukar ma'auni ɗaya a auna abubuwan biyu a kansa kafin a wuce. Ga irin abin da ake nema daga ɗan aji biyar: "Gero da dawa duka da damina ake shuka su, kuma duka ana yin danga da karansu. Amma gero ya riga dawa nuna, ya kuma fi ta jure ƙarancin ruwa. Zangarniyar gero doguwa ce siririya, ta dawa kuwa curarriya ce. A gidanmu da gero ake fura, dawa kuma tuwo ake yi da ita."

(e) Yaro ya karanta wa na gida abin da ya rubuta da babbar murya. Kunnen uwa zai kama inda ya yi wa ɗaya ɓangaren rowa, ko inda ya ce abu ya fi abu bai faɗi ta wace fuska ba. Gyaran ƙa'idojin rubutu, kamar raba daka da ɗaka ko kafa da ƙafa, a bar wa malami.

(f) A ja kunnen iyaye da malamai kada su mayar da wannan aiki hanyar auna yaro da ɗan'uwansa, musamman a gidan da ake da 'yan uba, ko hanyar fifita wata ƙabila a kan wata. Abubuwa da halayen taurarin labari ake kwatantawa.

(g) Masu tsara manhaja su ware wa kwatanci gurbinsa a cikin nau'o'in insha'i, su kuma sa marubuta littattafan karatu su riƙa rufe kowane babi da aiki guda da za a yi tare da na gida. Tarukan iyaye da malamai wuri ne da ya dace a bayyana wannan tsari da Hausa mai sauƙi.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da makarantar allo suka riƙa horar da yaro a kan auna abubuwa, da yadda boko ya kawo insha'i amma ya bar gida a baya, da yadda manufofin ilimi daga 1977 zuwa yau suka ɗaukaka darasin Hausa ba tare da sun ɗinke wannan ɓaraka ba. Abin da ake tsoron rasawa ya wuce makin jarrabawa. Yaron da ya saba tambayar ya fi shi me, shi ne gobe zai iya auna alkawuran 'yan takara biyu, ko labarai biyu masu karo da juna da suka shigo wayarsa, kafin ya gaskata ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a tsakar gida yake ɗanye. Abin da ya rage gare mu malamai da masu tsara manhaja shi ne mu aika wa gida aikin da zai iya yi, mu kuma karɓi abin da ya dawo mana da shi da muhimmanci.